Yadda za ka gane dangin ƙuda tun yana cikin kwansonsa

Kwanakin baya wani dattijo maƙwabcinmu a nan Kurna ya kira ni bayan la'asar, ya nuna min wasu 'yan ƙwayoyi jajaye-jajaye a gindin bangon da yake tara kashin kajinsa, ya ce ɗana zo ka duba min, ɓeraye sun gama da ni a gidan nan, har na aiki yaro ya siyo magani. Na tsuguna na ɗauki guda ɗaya na murza a hannu, na ce Baba wannan ai ba kashin ɓera ba ne, ƙudaje ne ke barci a ciki, nan da kwana huɗu za su tashi su cika maka tsakar gida. Ya kalle ni kamar na zauce. To shi ne na ga bari in zauna in rubuta yadda abin yake, don masu kiwon kaji da tantabara da masu lambu da 'yan makaranta masu furojet kullum sai sun ci karo da abin nan ba su san sunansa ba.

Kowa ya san tsutsa kowa ya san ƙuda, amma tsakaninsu akwai wani zango da tsutsar take daina ci, ta ja jiki ta nemi busasshen wuri ta dunƙule, fatarta ta ƙarshe ta sandare ta zama kwanso, a ciki ne halittar take juyewa ta zama ƙuda. Masana kan ce fufa, ni dai kwanso zan riƙa cewa. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne kwanson nan fatar tsutsar ce da kanta, ba saƙa ta yi ba irin ta tsutsar siliki, saboda haka duk wata alama da ke jikin tsutsar tana nan a jikin kwanson, ƙaya ce, gashi ne, ƙofar numfashi ce, duk suna nan sun bushe. Da su za mu yi aiki. Ƙudajen da aka riga aka sa wa suna a duniya sun haura iri 150,000, an kasa su dangi-dangi wajen 150, amma kar wannan ya tsorata ka, dangin da za ka fi cin karo da kwansonsu a Kano da kewaye ba su fi goma sha ba.

Kayan aiki ba wasu masu yawa ba ne. Rula mai milimita, farar takarda, tsinken sakace, tsohon buroshin haƙori, rariya, tocila, sai gilashin ƙara girma mai ninki 10. In ba ka da shi, akwai ɗan gilashin nan da ake maƙala wa kyamarar waya, ka tambayi masu kayan waya a Farm Centre, shi ma yana yi. Zumin waya kawai ba ya isa, na gwada, hoton dishi-dishi yake fitowa.

Matakin farko, ka tabbatar na ƙuda ne tukunna. Abubuwa huɗu ne suke ruɗar mutane. Kashin ɓera yana da tsini kuma in ka danna shi marmashewa yake yi, ba shi da zobe-zobe a jiki. Jakar ƙwan kyankyaso tana da wani tudu mai haƙora-haƙora a gefe ɗaya kamar zif ɗin jaka. Na malam-buɗe-littafi da danginsa masu tashi da dare, za ka ga shatin fukafukai da ƙafafu a manne a ƙirji, kuma in ka taɓa shi sai ya kaɗa gindi. Na ƙananan rina kuma saƙar zare ce, da ka ja da tsinke za ka ga zaren. Kwanson ƙuda shi kamar 'yar ganga yake, da layuka a zagaye, babu shatin ƙafa babu na fiffike, kuma ko me za ka yi masa ba ya motsi. Sai dai fa akwai 'yan uwan ƙuda da ba sa bin wannan tsarin, kamar sauro, shi nasa a ruwa yake, lanƙwashe kamar waƙafi da 'yan ƙahoni biyu a sama, da ka girgiza ruwan sai ya wuntsila ƙasa. Wannan ka riga ka gane shi, ka zubar da ruwan kawai.

Mataki na biyu shi ne wanda mutane suke rainawa, alhali rabin amsar a nan take: a ina ka tsince shi? Kafin ka ɗauka ka rubuta wurin da ranar, ka ɗauki hoto. Ƙuda ba ya zuba 'ya'yansa ko'ina, kowanne da abincinsa. Wanda ka tono a ƙarƙashin bishiyar mangwaro daban, na juji daban, na bakin kwata daban, wanda ka samu a manne a bayan ganyen wake daban. Sai dai ka tuna tsutsa tana tafiya kafin ta dunƙule, ta mushe ma takan yi 'yan taku masu yawa ta shige ƙasa, to ka dubi abin da ke kewaye, ba daidai inda ka gan shi kawai ba. In a ƙasa kake nema, ɗebi ƙasar sama kamar zurfin yatsa ka tankaɗe a rariya, ko ka zuba a bokitin ruwa ka motsa, kwanson zai taso sama, ka kwashe shi da wuri ka shanya a takarda.

Na uku, auna tsawo, sannan ka manta da launi. Ina maimaitawa, ka manta da launi. Sabon kwanso fari-fari yake, cikin 'yan awoyi ya koma ja, daga baya ya yi duhu kamar gasasshiyar gyaɗa, saboda haka in ka ga biyu ɗaya ja ɗaya baƙi, yawanci wa da ƙani ne ba dangi biyu ba. Ni kaina farkon da na fara na taɓa raba kwalba uku bisa launi, ina ta murna na samu iri uku, da suka fito duk ƙudan gida ne. Tsawo shi ne yake taimakawa. Milimita 2 zuwa 3 ƙanana ne, 4 zuwa 5 matsakaita, 6 zuwa 8 yankin ƙudan gida ke nan, 8 zuwa 12 na nama da mushe, abin da ya doshi 20 kuma sai ka fara tunanin ƙudan soja, wanda ake kiwon tsutsarsa don abincin kifi da kaji, ko na cikin hancin rago. Shi ma tsawon ba hujja ba ce ita kaɗai, tsutsar da yunwa ta kama takan yi ɗan ƙaramin kwanso.

Yanzu ga inda aikin yake, mataki na huɗu, gindin kwanson. Goge shi a hankali da buroshi, ka juya shi kana duba kai biyun. Ɗaya ya ɗan fi tsukewa, shi ne gaba. Ɗayan za ka ga ɗigo biyu baƙaƙe kamar idanu, mutane da yawa sun ɗauka fuska ce, a'a, nan ne baya, ƙofofin numfashin tsutsar ne, don ta gindi take shaƙar iska yayin da kanta yake nutse cikin abinci. Kafa shi a cikin ɗan sabulu ko cingam gindin yana kallon sama, haska tocila ta gefe ba ta sama ba, sa gilashi. Kowane ɗigo yana da tsaga uku, kuma yadda tsagar take shi ne kamar tsagar fuska a da, da ka gani ka san gidan da mutum ya fito.

In gindin a shafe yake sumul, ɗigon biyu kuma suna kusa da juna kamar goro da aka ɓara biyu aka ajiye fuska da fuska, tsagar ciki ta yi lanƙwasa-lanƙwasa kamar zanen lalle, to ƙudan gida ne, dangin Muscidae. Shi ne na kashin kaji da bola da shara. A zafin Afrilu da Mayu da muke kaiwa digiri 40, in dai wurin da danshi, daga ƙwai zuwa ƙuda bai fi kwana 7 zuwa 10 ba, zaman kwanson kansa kwana 3 zuwa 6 ne. Yana da ɗan uwa a dangin, Stomoxys, wanda yake cizon shanu da dawakai a ƙafa, a ido kamar ƙudan gida amma bakinsa tsinke ne. Nasa ɗigon sun yi nesa da juna, siffarsu ta fi kama da kusurwa uku, ana samunsa a ruɓaɓɓiyar harawa da ta jiƙe da fitsarin dabbobi. Masu turken doki su lura da wannan.

In tsagar ukun a miƙe suke kamar an ja su da wuƙa, suna karkata suna neman haɗuwa a wuri ɗaya, ga kuma wasu 'yan ƙuraje sun kewaye gindin kamar rawani, to koren ƙudan nan ne mai sheƙi, dangin Calliphoridae, wanda kake gani a mahauta da wajen masu kifi da kan mushe. In gilashinka mai kyau ne duba zoben da ya kewaye tsagar, in ya rufe ruf yawanci Lucilia ne, in ya bar ƙofa a gefe ɗaya Chrysomya ne, su ne suka fi yawa a ƙasashenmu masu zafi. Akwai ɗaya a cikinsu, Chrysomya albiceps, da ba ya buƙatar gilashi ma, duk jikin kwanson ƙaya-ƙaya ne layi-layi, tsutsarsa kuma muguwa ce, cinye sauran tsutsotsi take yi a kan mushe. A wannan dangin ne kuma ƙudan tumbu yake, wanda yake zuba ƙwai a rairayin da aka yi fitsari ko kayan shanya da aka baza a ƙasa, tsutsar ta shiga fatar yaro ko kare ta yi kamar maruru. Abin da ya sa ake cewa a goge kayan yara da dutsen guga mai zafi ke nan.

In ka duba ka rasa ɗigon gaba ɗaya, sai wani rami ka gani a gindin kamar bakin tulu, to kar ka wahalar da kanka, Sarcophagidae ne, ɗigon suna can cikin ramin. Wannan ita ce alama mafi sauƙi a duk harkar. Uwar tasu ita ce babban ƙudan nan mai ruwan toka da layi uku baƙaƙe a baya, jan ido, cikinta kamar allon dara, kuma ba ƙwai take ajiyewa ba, tsutsa take saukewa da ranta, shi ya sa za ka ajiye nama yanzu-yanzu ka dawo ka ga abu na motsi ka rantse da ma can ruɓaɓɓe mahaucin ya ba ka. Wani lokacin ba laifinsa ba ne.

Waɗannan ukun su ne mafi yawan abin da za a kawo maka daga cikin gari. Sauran kuma siffar jiki ce take tona su, shi ne mataki na biyar, duba ko akwai ƙaho, wutsiya, ko gashi.

Ƙarami ne kamar ƙwayar riɗi, ruwan ƙasa mai haske, manne a jikin roba ko kwandon da ayaba ko tumatir ya ruɓe, da 'yan ƙahoni biyu a gaba masu kamar tsintsiya a baki? Drosophilidae ne, 'yan mitsi-mitsin nan masu jan ido da suke tashi in ka ɗaga ɓawon kankana. In kuma ƙaramin ne amma ya ɗan baje kamar kwalekwale, da ƙahoni biyu sirara da suka fito ta gadon baya, Phoridae ne, waɗanda za ka ga sun fi son gudu a kan tebur da tashi. Wanda ya baje kuma gefensa duk gashi mai rassa kamar gashin tsuntsu, Fanniidae ne, a kashin kaji mai ɗan tauri da bakin masai ake samunsa.

Na lambu su na fi so a kula da su, don a nan ne kuskure yake jawo asara. In ka tono ƙasa ƙarƙashin mangwaro ko gwaiba, ko inda ake jibge ruɓaɓɓun kaya irin na 'Yan Lemo, ka samu 'yan ganguna sumul masu milimita 4 zuwa 5, ruwan ɗorawa zuwa ƙasa-ƙasa, babu ƙaho babu rami, to ƙudan 'ya'yan itace ne, Tephritidae. Tsutsarsu ce farar nan da kake gani cikin mangwaro, wadda in ka ajiye ta a tafin hannu sai ta lanƙwashe ta yi tsalle. Mafi ɓarna a cikinsu, Bactrocera dorsalis, asalinsa ɗan Asiya ne, a Kenya aka fara ganinsa a nahiyar nan a 2003, kafin wani lokaci ya game ko'ina har mu. Akwai 'yan uwansa masu cin kankana da kokwamba da kabewa. Tunda ka san a ƙasa suke kwana wajen kwana 10, maganin farko shi ne kwashe 'ya'yan da suka faɗo kullum, a ɗaure a baƙar leda a bar ta a rana, kar a bar tsutsar ta samu ƙasa.

Amma in a kan ganye ka ga abu manne kamar ɗigon hawaye, gaba ya kumbura baya ya tsuke da ɗan guntun bututu guda ɗaya, kuma ganyen yana da ɗarɓa, 'yan ƙwarin nan masu tsotse wake da kabeji, don Allah ka ƙyale shi. Syrphidae ne, tsutsarsa ita take cinye ƙwarin, in ya girma kuma yana bin fure kamar ƙudan zuma. Na sha ganin masu lambu a bakin Jakara suna murje su da yatsa a zaton ƙwan ɓarna ne. A dangin nan akwai mai wutsiya irin ta ɓera, tsutsarsa a ruwan kwata mai wari take zama tana miƙo wutsiyar sama tana shaƙar iska, in za ta dunƙule sai ta hauro busasshen wuri, sai ka ga kwanso da busasshiyar wutsiya da ƙahoni a gaba. Ba ya cizo, muni ne kawai. Haka in ka buɗe kan masara ka ga matacciyar tsutsar nan da ta addabi manoma tun 2016, a gefenta ga wani kwanso ja mai duhu, Tachinidae ne, shi ya ci tsutsar ta ciki ya fito. Shi ma naka ne, mayar da shi gonar.

Ƙudan soja kuwa yanzu kusan duk mai kiwon kifi da kaji ya san shi, dangin Stratiomyidae. Kwansonsa dogo ne wajen milimita 20, a baje, baƙi, fatar kaushi da gashi tsilli-tsilli, ɗan kansa yana nan a gaba ana gani, gindin ya ɗan lanƙwasa. Matsalar masu kiwonsa ita ce ƙudan gida yakan riga shi shiga dusar, to in ka ga jajayen ganguna ƙanana a cikin tiren ka san baƙi sun shigo. Nasa yakan yi kamar sati biyu kafin ya fito, da sanyin hunturu ya fi haka.

Masu tantabara ga naku. In kana share gidan tantabara ka ga wasu ƙwayoyi baƙaƙe wuluk masu sheƙi, kusan a mulmule kamar irin kuɓewa ƙarami, zoben jikin ma ba ya fitowa, to na ƙudan nan ne mai baje jiki da yake shigewa cikin gashin tsuntsu yana tafiya a karkace, wanda ko ka danne shi ba ya mutuwa da sauƙi. Hippoboscidae ake ce musu, jini suke sha, suna kuma yaɗa wata cutar jini tsakanin tantabaru, 'yan shila sun fi jin jiki. Ita uwar, tsutsa ɗaya tak take reno a cikinta, tana saukewa ta zama kwanso, ya yi sati uku zuwa wata. Share sheƙar ka ƙone sharar. Tsando ma haka yake haihuwa ɗaya-ɗaya, nasa kwanson baƙi ne da ƙulli biyu a gindi kamar kunnuwa, amma wannan ba za ka same shi a cikin birni ba, sai dazuzzuka masu inuwa da rafi irin Yankari, ko wajen masu binciken cutar sammore a Kaduna.

Sai na jikin dabbobi. Duk wanda ya taɓa fasa kan rago da Layya ya ga wata ƙatuwar tsutsa a kogon hanci, ita ce Oestrus ovis, dangin Oestridae. In ta ƙosa ragon yakan yi atishawa ya fyato ta, ta shige ƙasa ta zama baƙin kwanso mai kauri. In ka ga irinsa a turken tumaki, ko mai layin ƙaya-ƙaya a cikin kashin doki wanda shi kuma daga cikin tumbin dokin ya fito, ka nemi likitan dabbobi.

In kwanson fanko ne kar ka yar, yana magana shi ma. Yawancin ƙudajen nan suna da wata jaka a goshi da suke hurawa su ɓalle murfin gaba a zagaye, kamar an cire hular kwalba. Ƙudan soja shi tsaga bayan yake yi, tsagar kamar harafin T. In kuma murfin yana nan amma ga ƙaramin rami a gefe kamar an huda da allura, ba ƙuda ne ya fito ba, wata 'yar mitsitsiyar rina ce ta cinye shi a ciki, a gidan kaji waɗannan ma'aikata ne na kyauta kuma feshin fiya-fiya barkatai yana kashe su. Ɗalibai kuma su leƙa cikin murfin, baƙaƙen ƙugiyoyin bakin tsutsar suna nan a manne, da su ake kaiwa ga ainihin iri a ɗakin gwaji, bayan an jiƙa a ruwan fotash kashi 10 cikin 100 don fatar ta washe.

Na ƙarshe, duk abin da ka yanke, tabbatar da shi ta hanyar reno. Samu kwalba ko robar yogot, zuba yashi ko ɗiɗɗigar katako kamar kaurin yatsa biyu, ɗan yayyafa ruwa kaɗan yadda zai yi sanyi ba jagab ba, ɗora kwanso guda ɗaya a kowace kwalba, guda ɗaya fa, in ka haɗa su ba za ka san wa ya fito daga ina ba. Rufe da ƙyallen gidan sauro ka ɗaure da roba, rubuta wuri da rana a jiki, ajiye a inuwa. Rana tana dafa su, tururuwa kuma tana kwashe su cikin dare, ni kan ɗora kwalaben a faranti mai ruwa. Da hunturu ka riƙa ɗiga ruwa duk bayan kwana biyu saboda iskar tana busar da su. In ya fito za ka gan shi fari-fari fiffike a cukurkuɗe, ba shi 'yan awoyi jikinsa ya yi ƙwari launin ya fito, sannan ka sa kwalbar a firiza ya mutu, ka adana shi tare da fankon kwansonsa a sifirit mai ƙarfin kashi 70. Ka wanke hannu da sabulu, ka san dai daga inda aka tono su.

Na Baba maƙwabcina guda biyar na ɗauka na sa a kwalabe biyar. Ran kwana na huɗu uku suka fito, ƙudan gida ne kamar yadda gindin ya nuna, ɗaya ya bushe bai yi komai ba, na biyar kuma sai bayan sati biyu da wani abu 'yar baƙar rina ta huda gefe ta fito. Na kai masa ya ɗaga kwalbar yana kallo ta hasken ƙofa, ya ce to ɗana yanzu maganin ɓeran da na siya fa? Na ce Baba ajiye shi inda jikoki ba za su kai ba, kashin kajin nan dai a riƙa kwashewa ana bazawa a rana duk bayan kwana biyar, kafin tsutsar ta samu damar dunƙulewa.